Wadda Ba Ta Da Mayafi: Nasiha Ga Ƙungiyoyin Matan Zangunan Kumasi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗora wa bayinSa maza da mata nauyin bautarSa baki ɗaya, Ya kuma yi alkawarin ba zai tozarta aikin kowa daga cikinsu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da matansa iyayen muminai, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata.

Duk wanda ya zauna a Aboabo ko Asawase ko Sawaba ko Tafo ya san cewa rabin nauyin zango a kan ƙungiyoyin mata yake. Idan aka yi haihuwa, su ne a kan murhu tun kafin a kira sallar asuba. Idan aka yi rasuwa, su ne masu shimfiɗa tabarma, masu ɗebo ruwa, masu zama da wadda aka yi wa rashi bayan maza sun dawo daga maƙabarta sun watse. Mai sayar da koko da ƙosai da jarinta ya karye, sau da yawa adashin ƙungiya ne ke mayar da ita bakin kasko. Wannan alheri ne da ba ya musuntuwa, kuma muna roƙon Allah Ya sanya shi a mizanin kowace mai hannu a cikinsa.

Saboda girman wannan alherin ne ya zama wajibi a yi nasiha a kan wani abu da ke cinsa ta ƙarƙashi. A kusan kowace ƙungiya akwai wata baiwar Allah da a da ba ta fashin taro, yanzu kuwa an daina ganinta. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta bar gari ba. An fitar da yayi sau uku a jere ba ta iya saya ba, kuɗin wata ya taru a kanta, kunya ta zaunar da ita a ɗaki. A kan wannan baiwar Allah za mu yi magana, domin da ita ake auna ko ƙungiya tana kan turbar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ta sauka daga kanta.

Hadisin Ummu Aɗiyya

Imamu Buhari da Imamu Muslim sun ruwaito daga Ummu Aɗiyya, mutumiyar Madina, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah ya umarci a fito da mata zuwa filin idi a sallolin nan biyu, har da 'yan mata da waɗanda ke cikin kulle. Masu haila ma ya ce su fito, su tsaya gefe da wurin salla, don su halarci alheri da addu'ar Musulmi. Sai aka tambaye shi game da matar da ba ta da mayafin fita. Amsar da ya bayar ita ce 'yar'uwarta ta yafa mata daga nata mayafin.

Malaman sharhin hadisi sun faɗi ma'ana biyu. Ta farko, ta ara mata wani mayafi daga cikin waɗanda take da su. Ta biyu, su lulluɓa da mayafi guda su biyu idan babu wani. Kowace ma'ana aka ɗauka, darasin ɗaya ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce wa marar mayafi ta zauna a gida tana da uzuri, kuma babu wanda zai ga laifin wannan fatawa. Annabin rahama bai zaɓi wannan hanya ba. Ya ɗauke nauyin daga kan wadda ba ta da shi, ya aza a kan wadda take da shi. Rashin tufafi ya tashi daga zama matsalar mace ɗaya, ya koma matsalar maƙwabciyarta.

Ku lura kuma da wadda ta kawo mana wannan hadisi. Ummu Aɗiyya ta faɗa da bakinta cewa ta fita yaƙi bakwai tare da Manzon Allah, tana tsaron kayan mayaƙa, tana dafa musu abinci, tana jinyar masu rauni. Tana cikin matan da suka wanke gawar Nana Zainab 'yar Manzon Allah, kuma hadisinta shi ne ginshiƙin babin wankan gawa a wurin malaman fiƙihu. Daga baya ta bar Madina ta zauna a Basra, ƙasar da ba a can aka haife ta ba, inda manyan tabi'ai irin su Muhammadu ɗan Sirina da 'yar'uwarsa Hafsatu suka ɗauki ilimi a wurinta. Girki a ranar wahala, jinya, wankan gawa, koyarwa a ƙasar baƙunci: duk aikin da ƙungiyar matan zango za ta yi alfahari da shi, wannan sahabiya ta riga ta yi shi.

Taruwar mata tana da asali

Masu ganin cewa taruwar mata don addini baƙon abu ne sun jahilci tarihi. A hadisin Abu Sa'idul Hudri, matan Madina ne da kansu suka je suka koka wa Annabi cewa maza sun rinjaye su a majalisinsa, suka nemi ya ware musu rana, ya kuwa ware musu. Aya ta 71 a Suratut Tauba ta bayyana muminai maza da mata a matsayin majiɓintan juna a wajen umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Aya ta 35 a Suratul Ahzabi ta jera siffofin bayin Allah guda goma, kowace siffa ta ambaci maza ta ambaci mata.

A ƙasar Hausa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa da jan rawani a matsayin alama. Jaji kan taho da ayarin mata daga ƙauyuka su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba. Abin da suka zo da shi na sadaka, kamar hatsi da zuma da tufafi, a kan raba shi ga mabukata. Tsarin duka an gina shi ne don ilimi ya isa ga matar da ba za ta iya zuwa da ƙafarta ba.

Zangunanmu na Gana ma haka suka tashi. Bayan yaƙin Salaga na 1892 fatake da malamai suka bazu zuwa Karaci da Kumasi da Ankara, suka zauna a ƙasar da ba su da gona ko gandun gado a cikinta. Wanda ba shi da dangi a kusa, maƙwabci ya zama danginsa. Sarautar magajiya, shugabar mata, ta samu gindin zama a zango saboda dole a sami wadda za ta tara mata idan abu ya faru. Dattawanmu ba su manta da Nuwambar 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardun zama kwana 14 su bar ƙasa. Gidaje sun rabu, dukiya ta salwanta, waɗanda suka rage kuma suka rayu da jingina da juna. A zamaninmu, bayan da aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, wato FOMWAN, a Minna a 1985 ƙarƙashin jagorancin Hajiya A'isha Lemu, matan Gana su ma suka kafa tasu tarayyar, FOMWAG, mai rassa a jihohi. A ƙarƙashin wannan inuwa da wajenta akwai ɗimbin ƙungiyoyin unguwa, da na kasuwa, da na makarantun Islamiyya, da na ƙabila.

Duk wannan gado a kan abu ɗaya ya tsaya: a taru don mai rauni ya sami abin dafawa. Idan ƙungiya ta wayi gari mai rauni ne farkon wanda take zubarwa, to ta riƙe sunan gadon ta saki ma'anarsa.

Yadda yayi ke korar talaka

Anko, wanda mu a zango muka fi kira yayi, ba haramun ba ne a kan kansa. Allah Ya halatta ado, kuma ganin mata cikin shiga iri ɗaya a bikin 'yar'uwarsu yana faranta mata rai. Wasu 'yan ƙungiya ma da sayar da atamfar suke ci da 'ya'yansu. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai halal yakan zama hanyar cutarwa idan aka mayar da shi sharaɗi, kuma Musulunci ya hana cuta da cutarwa.

Mu yi lissafi a fili. A ce ƙungiya tana da mata 80. A cikin irin wannan adadi da wuya wata ya wuce ba a yi aure ko suna ko walimar dawowa daga Makka ba. Idan kowane biki da yayinsa, ga kuɗin ɗinki, ga ɗankwali, ga gudummawar da za a miƙa, ga kuɗin mota, to mace za ta sayi turmi goma ko fiye a shekara. Mai shago a Kejetiya za ta iya. Mai tallan wake da shinkafa, wadda ribarta ta yini ita ce abincin daren gidanta, ba za ta iya ba. Hanyoyi uku ne suka rage mata: ta ci bashi, ko ta taɓa jari, ko ta daina zuwa. Wadda ta ci bashi ta sayi barcin dare da fargaba. Wadda ta taɓa jari ta kusa rufe sana'a. Wadda ta daina zuwa kuwa ta rasa ƙungiya a daidai lokacin da ta fi bukatarta.

Kada mu raina al'amarin bashi da cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya tabbata a Buhari cewa an kawo wa Annabi gawar wani mutum da ake bi bashi, ya ƙi yi masa salla da kansa har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wannan bashin bukata ke nan. Ina ga bashin da aka ci don tsoron bakin mutane? Wadda ta fitar da yayi mai tsada alhali ta san rabin ƙungiya sai sun ranto, tana da kaso a cikin wannan nauyin.

Haka nan gudummawar biki. Asalinta taimako ne, amma a wurare da yawa ta koma rance mai littafi: na kai miki ɗari biyu a bikin 'yarki, dole ki kawo min abin da ya fi haka a nawa. Sannan a ɗauki lasifika a shelanta abin da kowa ta bayar, mai kaɗan ta sunkuyar da kai. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kuma kamanta mai bayarwa don mutane su gani da dutsen da ruwan sama ya wanke 'yar ƙasar da ke kansa ya bar shi fayau. Aya ta 271 ta nuna cewa ɓoye sadaka a kai wa matalauta shi ya fi alheri. Annabi kuma ya siffanta walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta da cewa ita ce mafi sharrin abinci. Idan yayi ya zama katin shiga, to an ware matalauta ko da an aika musu da goron gayyata.

Ku tuna kuma cewa aya ta 11 a Suratul Hujurati, da ta hana izgili, ta ambaci mata daban bayan ta ambaci mutane gaba ɗaya, ta ce wataƙila wadda ake yi wa izgilin ta fi mai yi alheri a wurin Allah. Kallon da ake bin mace da shi daga sama har ƙasa don ta zo da tsohuwar atamfa yana cikin wannan hanin, ko da ba a furta kalma ba.

Asusun ƙungiya amana ne

Kuɗin da mata ke tarawa duk mako ko duk wata gumin goshi ne, wani ma daga bakin yara aka rage shi. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta umarci a mayar da amana ga masu ita. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta hana a yi ƙyuyar rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Wannan umarni ya sauka ne a kan sahabbai, mutanen da suka fi mu gaskiya da tsoron Allah. Saboda haka idan 'yar ƙungiya ta nemi a karanta lissafi, kada ma'ajiya ta ɗauka an tuhume ta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Rubutu kariya ne ga ma'ajiya kafin kowa, domin mantuwa tana kama mai gaskiya, mutuwa kuma ba ta sallama. Ƙungiyoyi nawa ne suka watse don wadda ke riƙe da lissafi a ka ta rasu, magada suka ce ba su san zancen ba?

Adashi, wanda maƙwabtanmu ke kira susu, mafi yawan malaman zamani sun halatta shi, domin rance ne da kowa ke karɓar daidai abin da ta zuba. Amma ƙofa biyu ake shigo da riba ta cikinsu. Ta farko, a ba 'yar ƙungiya rance daga asusu a ce ta dawo da ƙari, a kira ƙarin da sunan taimakon ƙungiya. Canza suna ba ya canza hukunci. Ta biyu, a ɗora wa wadda ta makara da biya tara, bashinta ya riƙa hauhawa da tsawon jinkiri. Wannan ita ce siffar ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya rushe. Abin da aya ta 280 a Suratul Baƙara ta koyar shi ne a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi.

A kula kuma da inda ake ajiya. A watan Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da lamuni 347, mutane da yawa suka sha wahala kafin su ga kuɗinsu. A Disambar 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin 100, ma'ana kuɗin da aka kulle a akwati shekara guda ya rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da zai iya saya. Darasin shi ne a ajiye abin ko-ta-kwana a wuri amintacce, da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu ko uku, kada ya zauna a layin wayar mutum ɗaya. Sauran kuma a sa shi aiki. Asusun da ake tarawa don a ce ƙungiyarmu ta fi ta wance kuɗi, alhali 'yar ƙungiya na kwance babu kuɗin magani, zai zama hujja a kan masu riƙe da shi ranar ƙiyama.

Ina ya kamata kuɗin ya tafi?

Annabi ya yabi Ash'ariyawa, mutanen Yaman da suka zauna a Madina, saboda idan guzurinsu ya ƙare a tafiya ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci, sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi guda su raba daidai. Ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. Baƙi ne kamar yadda kakanninmu suka zo baƙi, kuma da wannan hali suka sami wannan matsayi. A ce mata 80 ɗin nan kowace ta ajiye sidi 10 a wata a wani asusu na daban wanda ba a taɓa shi don biki. A shekara an tara sidi 9,600. Ga wuraren da ke jiran irin wannan kuɗi.

Na farko, mai takaba. Allah Ya wajabta mata zaman wata huɗu da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 a Suratul Baƙara. Mu kuwa mukan cika gidan a kwana uku, da bakwai, da arba'in, wani lokaci ma ita ce ke ciyar da mu, sannan mu ɗauke ƙafa. Lokacin da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Sunna ita ce a kai abinci gidan rasuwa. Ƙungiya ta raba makonnin takaba a tsakanin mambobinta, kowane mako a san wadda za ta leƙa da ƙwaryar abinci.

Na biyu, takardar aure. Dokar auren Musulmi ta ƙasar nan, wadda ta samo asali tun 1907, ta nemi a yi wa aure rajista cikin mako guda da ɗaura shi. Aure da yawa a zangunanmu ba su da wannan takarda, kuma rashinta kan wahalar da mace da 'ya'yanta idan rigimar gado ta kai kotu. Ƙungiyar da ta iya shirya yayi da makaɗa da abincin mutum ɗari biyar, ba za ta gaza tambayar iyayen ango ko an yi rajista ba.

Na uku, katin inshorar lafiya. An kafa tsarin tun 2003, kuma yanzu ana sabunta kati ta waya. Duk da haka sai a kai tsohuwa asibiti a tarar katinta ya daɗe da mutuwa. 'Yan mata biyu masu ilimin boko a cikin ƙungiya sun isa su riƙe jerin sunaye da ranakun sabuntawa.

Na huɗu, karatun 'ya mace. Tun Satumbar 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare, amma akwati da katifa da guzuri da kuɗin mota suna nan a kan iyaye. Akwai yarinyar da ta ci jarrabawa, abin da ya tsaya tsakaninta da makaranta bai kai kuɗin yayi biyu ba. Muna kukan rashin likitoci mata da ungozomomi Musulmi a asibitoci, alhali daga irin waɗannan yara za su fito.

Na biyar, 'yan matan da ke dakon kaya a Kejetiya da sauran kasuwanni, waɗanda ake kira kayaye. Mafi yawansu daga arewacin ƙasar nan suka zo, da yawansu Musulmi ne, wasu da goyo, wasu a bakin shaguna suke kwana. Su ne ke ɗauko mana kayan bikin da muke taƙama da shi. Zango asalinsa masaukin baƙo ne. Ƙofar karatun ƙungiya ta kasance a buɗe gare su ba tare da kuɗin shiga ba, a kuma biya su ladan dakonsu ba tare da ƙwara ba.

Na shida, ilimi, wanda shi ne uwar sauran. A wasu unguwanni matan da suka iya wankan gawa bisa sunna 'yan kaɗan ne, kuma duk tsofaffi. Wankan gawa farilla ce ta kifaya: idan aka rasa mai yi, kowa ya shiga laifi. Kowace ƙungiya ta ware sa'a ɗaya a taronta don hukuncin tsarki da salla, da haila da biƙi, da wankan gawa, da haƙƙin aure da gado, a kuma ɗauki nauyin malamar da za ta koyar. Taron da aka buɗe da addu'a aka rufe da addu'a, amma tsakiyarsa zancen atamfa ne da naman waɗanda ba su zo ba, yana bukatar gyara.

Rabon maza

Ya ku 'yan'uwa maza, wannan nasiha ba ta tsallake ku ba. Da yawa daga nauyin da ƙungiyoyin mata ke ɗauka, nauyinku ne da kuka sauke. Ciyarwa da tufatarwa da magani wajibin miji ne, ko da matar tana da sana'a. Wanda ya bar matarsa tana biyan kuɗin makarantar yara da adashinta, sannan ya zauna a majalisa yana sukar taron mata, ya fara duba kansa. Limamai da masu riƙe da masallatai kuma su ba mata wuri da lokaci na karatu, kamar yadda Annabi ya ware musu rana da suka nema.

Abin da muke roƙon shugabanni

Ya ku magajiyoyi da amirori, Allah Ya ba ku girma, kuma kowane shugaba abin tambaya ne a kan waɗanda yake kiwo. Muna roƙonku abubuwa kaɗan waɗanda ba su fi ƙarfinku ba.

Ku ɗauko littafin ƙungiya ku duba sunayen waɗanda suka yi wata uku ba su zo ba. Ku tura dattijai biyu su je musu, ba da littafin bashi a hannu ba. Zumunta a ƙafa take. Wadda aka tarar rashi ne ya zaunar da ita, a yafe mata abin da ya taru a asirce, kada a shelanta a taro.

Ku tsayar da yayi ɗaya na ƙungiya, mai sauƙin kuɗi, wanda za a riƙa sawa a kowane biki shekara guda ko biyu. Masu hali su sayi turmi biyu, ɗaya nasu, ɗaya a ba magajiya ta kai inda ya dace ba tare da an san mai bayarwa ko mai karɓa ba. Wannan shi ne hadisin Ummu Aɗiyya a aikace. Wadda kuma ta zo ba yayi, a tarbe ta kamar kowa, a zaunar da ita inda ake zaunar da kowa.

Ku daina shelanta gudummawa da lasifika. A rubuta, a miƙa wa mai biki a rufe. Annabi ya hori mata Musulmi musamman da kada maƙwabciya ta raina kyautar da ke tsakaninta da maƙwabciyarta, ko da ƙofaton akuya ne.

Ku karanta lissafin shiga da fita a gaban kowa a lokaci sananne, ku raba asusun biki da asusun taimako, ku tsarkake rancenku daga ƙari.

Ku kuma buɗe ƙofa. Zango ya tara Hausawa da Dagwamba da Mosawa da Wangarawa da Fulani da Zabarmawa da Kotokoli da Yarabawa da wasunsu, ya tara 'yan ɗariƙa da Ahlus Sunna. Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta sanar da mu cewa an yi mu ƙabilu ne don mu san juna, fifiko kuma na taƙawa ne. Yunwa da takaba da naƙuda ba sa tambayar ƙabila ko masallacin da mace take salla, don haka taimako ma kada ya tambaya.

Matan Annabi sun taɓa jin ya ce wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskarsa, har suka riƙa gwada hannuwansu. Da Nana Zainab 'yar Jahshi ta riga su rasuwa sai suka gane cewa sadaka ake nufi, domin ita mai sana'ar hannu ce, tana jima tana ɗinki tana bayarwa. Idan ƙungiyoyinmu za su yi gasa, to ga fagen da ya cancanta.

Ya Allah, Ka yi albarka ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata na zangunan Kumasi da na Gana baki ɗaya. Ka saka musu da alheri a kan wahalar da suke sha don gidajenmu. Ka yaye wa mai bashi bashinta, Ka ba marar lafiya lafiya, Ka zama gatan mai takaba da marayunta. Ka tsarkake dukiyarmu daga riba, da ayyukanmu daga riya, da harsunanmu daga cin naman juna. Ka jiƙan magabatanmu da suka kafa waɗannan zanguna, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka sa mu cika da imani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wassalamu alaikum wa rahamatullahi wa barakatuhu.